Dish ɗin Kyauta Don Jin Jazz da Blues a Kaduna: Abin da Ke Kamawa da Abin da Ke Cin Kuɗi a Banza

Duk wanda ya shiga shagon kayan lantarki a Kasuwar Sheikh Gumi ko kan titin Ahmadu Bello ya ce yana neman na'urar da za ta riƙa kawo masa jazz da blues dare da rana ba tare da biyan kuɗin wata ba, kwalin risiba za a miƙo masa, a ce tana kama ɗaruruwan tashoshi. Mai shago bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne nawa ne rediyo a ciki, kuma a cikin rediyon nawa ne ke sa kiɗan da ake nema. Ga hukuncinmu a kan wannan haɗi na risibar kyauta da dish na santimita 90 da LNB ɗaya, wato ɗan kan nan da ke gaban kwanon dish yana karɓar sigina: kaya ne nagari, sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, sautinsa ya fi na FM tsafta nesa ba kusa ba, amma shi kaɗai ba zai ƙosar da mai jazz ba. Tashar jazz zalla, a buɗe, a tauraron da ke haska Kaduna, ba abu ba ne da mutum zai gina lissafinsa a kai.

Abubuwa uku ake cakuɗawa da sunan rediyon satalayit, kuma biyu daga ciki ba su da amfani a nan.

Na farko shi ne maɓallin nan mai rubutun SAT ko XM ko SiriusXM a rediyon motocin da aka shigo da su daga Amurka. Hidimar gaskiya ce, kuma tana da abin da mai jazz ke so: akwai Real Jazz, akwai Watercolors ta jazz mai laushi, akwai Bluesville mai ɗauke da sunan B.B. King. Sai dai taurarin kamfanin suna tsaye tsakanin digiri 85 da 116 yamma, Kaduna kuwa tana wajen digiri 7.4 gabas. Tauraron da ke tsaye wuri guda a saman ikwaita, nisan kilomita 35,786, ba a hango shi idan tazarar ta haura digiri 81. Wato duniyar ce da kanta ta shiga tsakani. Ba eriya ce ta lalace ba, ba kuma wata lamba ce ta rufe shi ba. Duk mai gyaran rediyon motar da ya ce ka kawo kuɗi ya buɗe maka, ka riƙe kuɗinka.

Na biyu WorldSpace ce, wadda dattawa za su tuna. Noah Samara ya kafa ta a 1990, aka harba tauraronta AfriStar a Oktoban 1998 ya tsaya a digiri 21 gabas, kuma ita kam an yi ta ne domin Afirka. Akwatin Hitachi ko Sanyo ko JVC ko Panasonic, da 'yar eriya shafaffiya da ake ajiyewa a taga, ga tashar jazz mai suna Riff. Kamfanin ya karye a Oktoban 2008, hidimar ta bi bayansa. Har yanzu akwatunan kan ɓullo a wajen masu gwanjo. Idan FM da gajeren zangon jikinsu na aiki, a saya a kuɗin tsohon rediyo. Ɓangaren satalayit ɗin ya mutu.

Na uku shi ne wanda muke dubawa: tashoshin rediyo da ke tafiya tare da na talabijin a kan taurarin DVB, wato na talabijin ɗin dish da aka saba, waɗanda ke fitowa idan ka danna maɓallin TV/Radio a rimot. Gidaje da yawa a Tudun Wada da Kawo da Barnawa suna da su shekara da shekaru ba wanda ya taɓa danna maɓallin.

Wane tauraro ne namu

Kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe jerin tashoshi a intanet, a ga Radio Swiss Jazz a kan Hot Bird, digiri 13 gabas, a buɗe, a ce ai ga ta nan. Lissafi ma ya nuna tauraron yana kusan bisa kanmu, digiri 76 daga ƙasa. Amma tauraro kamar mai tocila ne a kan soro: kana ganinsa sarai, haskensa dai gidan maƙwabci yake kallo. Hasken Hot Bird da na Astra na digiri 19.2, inda tashoshin jazz na Siwizalan da Faransa suka taru, Turai da bakin Bahar Rum aka nufa da shi. Abin da ke zubowa kudu da Sahara ɗan ragowa ne. Masu neman sa suna kafa dish mai faɗin mitoci, kuma ko an samu yakan zo da wani lokaci na yini ya ɓace da wani. Saboda rediyo guda, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. A duk jerin da kake karantawa, ginshiƙin da aka rubuta yankin da haske ya nufa ya fi sunan tashar muhimmanci. In ba ka ga Afirka ta Yamma ko Afirka kudu da Sahara ba, ka wuce.

Waɗanda ke zuwa mana da ƙarfi a Ku, wato zangon da ƙananan dish ke kamawa, sanannu ne. Eutelsat na digiri 16 gabas yana ɗauke da tashoshin Afirka da yawa, har da na ƙasashe masu magana da Faransanci. Astra na digiri 28.2 yana da haske na musamman ga Afirka ta Yamma, a nan ake samun tashoshin Gana da rediyoyinsu. Intelsat 20 yana digiri 68.5, coci-coci sun fi yawa a kai. Badr na digiri 26 da Nilesat na digiri 7 yamma na Larabawa ne, kuma wasu firikwensinsu sai da dish babba. Rediyon da za ka tarar a waɗannan wurare labarai ne, karatun Alƙur'ani, wa'azi, gidajen rediyon gwamnatoci da na kasuwanci masu kiɗan zamani. Jazz yakan zo ne a matsayin shiri na awa ɗaya ko biyu, galibi cikin dare ko ƙarshen mako, yadda dai tsofaffin masu saurare suka saba jiran Willis Conover a gajeren zangon Muryar Amurka, wanda ya riƙe shirin jazz daga 1955 har rasuwarsa a 1996.

Mai blues ya fi mai jazz sa'a, in kunnensa a buɗe yake. Gidajen rediyon ƙasashen yamma da mu suna sa kiɗan jita irin na su Ali Farka Touré da Tinariwen da Bombino na Agadas, da kora da ngoni, kuma wanda ya saba da blues na Mississippi ba zai ji baƙunta ba. A ganinmu wannan ce ribar gaske ta dish ɗin kyauta ga irin wannan mai saurare, ba abin da aka rubuta a kwali ba.

Tashoshin kyauta ba su da alkawari da kowa. Yau tana nan, gobe ta canza firikwensi, jibi an kulle ta ko ta bar tauraron. Saboda haka kafin ka biya, ka sa mai shago ko mai haɗa dish ya jona risibar a dish ɗinsa, ya yi binciken gama-gari, wanda a allo aka rubuta Blind Scan, ya zaɓi na kyauta kaɗai, ya kuma tabbatar an haɗa da rediyo, domin wasu risibobin talabijin kawai suke nema in ba a gaya musu ba. Sannan ka shiga jerin rediyo ka bi su ɗaya bayan ɗaya da kunnenka. Kada ka yarda da jerin da ya zo a cikin na'urar daga masana'anta. Sunaye ne da yawa da ba kowa a bayansu. Ka kuma gwada maɓallin Audio a kan wasu tashoshin talabijin, don akan ɓoye rediyo a matsayin sauti na biyu, wani lokaci ma tasha ɗaya a hagu wata daban a dama.

Risibar da ta dace da mai saurare

A kasuwa za ka ga Strong, wadda ta daɗe har sunanta ya zama sunan risiba a bakin mutane, da GTMedia da Tiger da wasu da dama. Suna ba shi ne abin dubawa ba, bayan akwatin ne. Masana'antun masu kallo suke yi wa kaya, mai saurare sai ya tsinci abin da ya dace da shi.

Dole ta kasance DVB-S2. Tsofaffin DVB-S na MPEG-2 ba sa ganin yawancin firikwensin yanzu, kuma ba sa fassara sabon tsarin sauti na AAC, sai ka ga sunan tasha ya fito ga sigina cike amma shiru. Bayan wannan, mafitar sauti ita ce komai. Ƙananan risibobin nan da ake maƙalawa a bayan talabijin, masu HDMI da rami guda na AV, ba su dace ba: sai ka kunna talabijin kafin ka ji sauti, ko ka dogara da 'yar wayar AV mai yawan tsaki. Ka nemi mai ramukan RCA ja da fari a jikinta, kuma in da hali mai mafitar S/PDIF ta haske, wadda ake kira optikal. Ka nemi mai allo a gaba da ke nuna lambar tasha, domin da shi ne za ka kashe talabijin gaba ɗaya ka riƙa canza tasha da rimot. Ka tattara tashoshin da kake so cikin jerin Favourite, ka rubuta lambobinsu a takarda ka manna a gefe.

Akwai saiti huɗu da ke sa mutane su mayar da na'ura lafiyayya shago. Saitin da ke sa risiba ta kashe kanta bayan awa uku yakan zo a kunne, sai kiɗa ya yanke tsakar dare, a nemo shi a menu a kashe. Sautin dijital a sa shi a PCM, don in an bar shi a RAW ko Bitstream ƙananan DAC, wato akwatunan da ke mayar da sautin dijital ya zama wanda amfilifaya ke karɓa, ba sa fahimta, sai shiru ko ƙara mai tsaga kunne. Yanayin sauti a sa shi a Stereo, don da yawa suna zuwa a Left ko Mono, piyano da ganga su dunƙule wuri guda. Ƙarar risiba kuma a kai ta kusan ƙarshe, a riƙa ragewa daga amfilifaya. In aka yi akasin haka, tsakin na'urar ne amfilifaya za ta ƙara.

Me ya sa duk wannan fitina a kan sauti? Saboda jazz ba ya ɓoye aibi. Waƙar zamani daga farko har ƙarshe ƙararta ɗaya ce, duk sifikar da ka sa za ta wuce. Jazz kuwa yana sauka har ka ji burushi na shafar fatar ganga, sannan kakaki ya tashi. Tsirkiyar ƙasa ta babban bes tana kaɗawa a hertz 41, sifikar talabijin kuwa tun kafin ta sauka 100 ta sare, shi ya sa mai bes ke ɓacewa daga ƙungiyar gaba ɗaya. Sai kuma yawan bayanan da tasha ke aikowa. Rediyon satalayit da yawa tsarin matse sauti na MP2 suke amfani da shi. A kilobit 192 zuwa 256 sauti cike yake. A 128 kunne mai kyau zai fara jin faifan tagullan mai ganga yana wani shuu kamar ruwa. A 64 magana kawai ta dace. AAC ya fi MP2 iya tattali, 96 ɗinsa na iya yin daɗi. Wasu risibobin suna nuna nau'in sautin idan ka danna Info sau biyu. Babu amfilifayar da za ta dawo da abin da tasha ta zubar tun daga can, amma sifika mara kyau tana iya lalata tasha mai kyau. In kuɗi ya taƙaita, shawararmu ita ce fiye da rabi ya tafi kan sifiku biyu masu ufa, wato bakin da ke fitar da ƙasan sauti, na inci 5 ko 6 da ƙaramar amfilifaya, risiba ta tsakiya ta isa. Manyan akwatunan biki masu bugun ƙirji ba na wannan kiɗan ba ne, suna kumbura ƙasan sauti su binne piyano.

Kafa dish a Kaduna

Muna digiri 10.5 arewa da ikwaita, don haka taurari a saman kai suke, kuma wannan yana canza abubuwa da yawa da takardar cikin kwali ba ta faɗa ba, tunda don Turai aka rubuta ta. Daga Kaduna, na digiri 16 gabas yana sama da digiri 74, a kamfas wajen 140. Na 28.2 yana 63, kamfas 116. Na 36, inda DStv take, yana 55, kamfas 108. Na 7 yamma yana 69, kamfas 235. Intelsat 20 ne kaɗai a ƙasa, digiri 20, kusan gabas sak, shi ne wanda bishiyar mangwaro ko benen maƙwabci ke tarewa.

Dish ɗin da aka saba da shi, mai hannun LNB a ƙasa, yana kallon sama da wajen digiri 22 zuwa 26 fiye da yadda fuskarsa ta nuna. Don kama na digiri 16 fuskar za ta kwanta baya wajen digiri 50, don kama na 68.5 kuwa har ɗan sunkuyawa take yi. Matsala biyu ke fitowa daga nan. Ƙarfen bayan wasu dish ɗin ba ya kwantawa har haka, yana karo da sanda. Sannan in an kafe shi a bango ƙarƙashin bakin kwano, rufin ne zai tare tauraron. Gara a sa maƙeri, a Panteka ko a unguwa, ya yi sanda mai kauri inci 2 da ƙafafu uku, a dasa a fili da kankare, a sa ma'aunin magina a tabbatar ta miƙe ta kowane ɓangare. Sandar da ta karkace ita ce ke sa a kwana ana neman sigina.

Murɗa LNB a nan ba ƙaramin abu ba ne. Masu haɗa dish da agogo suke faɗinsa. Ka tsaya kana fuskantar kwanon dish, wayar LNB tana kallon ƙasa, ƙarfe 6 ke nan. Na digiri 16 yana son murɗi wajen digiri 39, ɗan wuce ƙarfe 7. Na 28.2 wajen ƙarfe 8. Na 68.5 kusan ƙarfe 9. Na 7 yamma ɗaya ɓangaren ake juyawa, wajen ƙarfe 4. In murɗin bai daidaita ba, siginar H, mai zuwa a kwance, da ta V, mai zuwa a tsaye, suna shiga juna, sai wasu tashoshi su zo wasu su ƙi, a ɗora wa risiba laifi. Dalilin nan ne kuma ya sa in za a ɗaura LNB biyu a dish ɗaya, ƙarfen da ke riƙe su karkacewa yake yi, ba kwance yake ba.

A menu, LNB na Ku a zaɓi Universal, 9750 da 10600, a bar 22K a Auto, a kunna wutar LNB. Risiba ce ke tura bolt 13 don V da 18 don H ta cikin wayar. A lokacin nema, layin Strength ba ya nufin komai sai cewa LNB ya sami wuta. Quality ake kallo. Dish na santimita 90 faɗin ganinsa wajen digiri 2 ne kacal, don haka a riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan ana dakatawa daƙiƙa biyu ko uku, risiba ba ta amsawa nan take. In an samu, a ɗaure notuna bi da bi ana kallon allo, don ɗaure ɗaya tamau yakan ja dish ɗin ya kauce.

Kan girma, 60 yana kamawa a rani, amma damina ce alƙali. Ɗigon ruwa yana shanye siginar Ku, kuma sautin dijital ba ya raguwa a hankali irin na gajeren zango, tsinkewa yake yi da ƙyas-ƙyas sannan shiru. Daga 60 zuwa 90 ana ƙaruwa da desibel 3.5, daga 90 zuwa 120 ana ƙara 2.5. Wannan rarar ita ce ke riƙe tasha a yayyafi da matsakaicin ruwa. Ruwan Agusta mai duhu kuwa ko wane Ku sai ya ɗauke na ɗan lokaci. C-band, ɗaya zangon na manyan dish, ba ya jin ruwa haka, amma yana son dish na mita 1.8 zuwa sama da LNB mai 5150, kuma tun da aka yi gwanjon zangon gigahertz 3.5 na 5G a Disambar 2021, wanda ke kusa da turken 5G yana iya ganin sigina na tsalle sai ya sa LNB mai matata. Don jazz kaɗai ba mu ga dalilin wannan ɗawainiya ba. Haka injin da ke juya dish: dish biyu kafaffu da makunnin DiSEqC mai baki huɗu, wanda ke haɗa su da risiba ɗaya, sun fi shi kwanciyar hankali.

Waya ita ce inda ake yawan cutar mai gida. RG6 mai ohm 75 ake so. Ka tafi da maganaɗisu: in ya kama tsakiyar wayar, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe, yana aiki a gajeriyar tafiya amma yana tsatsa, kuma a doguwa bolt 18 ba ya isa LNB da ƙarfinsa, sai tashoshin H su ɓace na V su tsaya. Wayar kirki ma tana asarar kusan desibel 30 a kowane mita 100 a saman zango, don haka a tsaya ƙasa da mita 30, ba tare da haɗi a tsakiya ba. Wajen sa kan F, wato kan ƙarfen da ake murɗawa a bakin wayar, silin ragar waje ko ɗaya kada ya taɓa tsakiya, shi ke kawo rubutun LNB Short. A naɗe haɗin waje da tef na roba mai narkewa da kansa, salatif ɗin baƙi rana ke ɓantare shi cikin 'yan watanni. A bar wa wayar lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga waje. Kuma kada a taɓa ɗaura ko kwance waya risiba na kunne, nan take makunnin DiSEqC ke ƙonewa.

Hazon hunturu ba ya hana sigina yadda ake zato. Ɓarnar rana da ƙura a murfin LNB take: robar ta tsage, ruwan farko ya shiga, sigina ta riƙa raguwa mako bayan mako. A duba murfin kafin Afrilu.

Wuta da gunji

Nan ne dish ya yi wa sauran hanyoyi fintinkau. Risiba da LNB wat 10 zuwa 15 suke ci, ƙaramar amfilifaya a ƙarar ɗaki wani wat 10. Batir na bolt 12 mai amfiya 100, in an sha rabinsa kawai yadda ya kamata, wat-awa 600 ne, kusan yini da kwana ke nan na kiɗa ba NEPA. Risiba mai shan bolt 12 ana iya ba ta daga batir, amma batirin sola yana haurawa 14.4 lokacin caji, sai a sa ɗan regileta a tsakani.

Gunjin nan mai zurfi da ke fitowa a sifika, musamman inda kiɗa ya yi shiru, iri biyu ne. In zzz ne mai kaifi kuma sai an koma inbata yake zuwa, inbatar ce ba mai tsaftatacciyar wuta ba, ko cajar risiba ce ta banza. In mmm ne na hertz 50 kullum, ka kashe komai, ka kwance wayar dish, ka kunna. In ya tafi, bambancin wuta ne tsakanin ragar wayar dish da jikin amfilifaya. Maganinsa wayar optikal zuwa ƙaramin DAC, tunda haske ba ya ɗaukar wuta, ko a sa ɗan taransifoma mai raba sauti a kan RCA. Kada a sa abin rabawa irin na eriyar talabijin a wayar LNB, zai tare wutar da LNB ke rayuwa da ita.

To ina jazz ɗin dare da rana?

Wuri biyu, kuma duka da kuɗi. DStv ta daɗe tana ɗauke da tashoshin sauti na DMX, kiɗa zalla ba mai gabatarwa, daga ciki har da na jazz da na blues. Idan gidan da ma ana biya, ka leƙa jerin sauti, mai yiwuwa abin da kake nema yana ɗakinka tuntuni. In kuwa don su za ka fara biya, ka sa a buɗe maka su a gabanka a kan ƙunshin da za ka saya, domin jerin yana canzawa. Rauninsu shi ne rashin mutum a ciki, ba mai gaya maka wa ya busa, a wace shekara, kuma ranar da kuɗi ya ƙare su ma sun tafi. Na'urorin satar buɗe tashoshi ba mu sa su a lissafi ba, haramtattu ne kuma yankewarsu ta fi aikinsu yawa.

Na biyu intanet ce, kuma lissafinta ya fi sauƙi fiye da yadda ake tsoro. Sauti a kilobit 128 yana cin megabait 58 a awa. Awa biyu kullum, wata guda, gigabait 3.5 ke nan. A 64 rabin haka. Da wannan za ka ji Radio Swiss Jazz ɗin da dish ya kasa kawowa, ba talla, da TSF Jazz da FIP na Faransa, da WBGO ta Newark, da WWOZ ta New Orleans, garin Louis Armstrong, wanda ya zo Kaduna a 1960 har aka ɗauke shi hoto da Sardauna. Tsohuwar waya da wayar sauti zuwa amfilifayar nan dai ta wadatar. Shi ya sa muka nace a sayi amfilifaya mai mashiga biyu ko uku, dish a ɗaya, waya a ɗaya.

Wanda ya riga ya kafa dish, ramin USB na gaban risiba zai cike masa giɓi. Shirin jazz na ƙarfe ɗayan dare ana sa masa lokaci ya naɗu da kansa. A kilobit 192 awa ɗaya ba ta kai megabait 100 ba, filashin gigabait 32 zai ɗauki awa 300 da ɗoriya. Sai dai ba kowace risiba ke yarda ta naɗi rediyo ba, wasu talabijin kawai suke naɗa, don haka a tafi shago da filashi a gwada. Agogon risiba a sa shi GMT+1 da hannu, wasu firikwensin suna aiko da lokacin da ba daidai ba, na'ura ta farka bayan an gama shiri. Fayil ɗin .ts yake fitowa, VLC yana buɗe shi a kwamfuta da waya.

Wajen tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba, rana takan bi ta bayan tauraro daidai saitin dish, sigina ta ɗauke na 'yan mintoci kwana kaɗan a jere, da hantsi ga taurarin gabas, wajen azahar ga na yamma. Ba abin da ya lalace, kada a kira mai gyara ya taɓa saiti. Hadari mai tsawa kuwa daban ne. Kashe soket bai isa ba, aradu ta wayar dish take shigowa, ta bi RCA ta cinye amfilifaya. A kashe risiba, a zare fulogi, a kwance kan F daga bayanta, a ajiye shi nesa da sauran wayoyi har hadarin ya wuce.